Tambayoyin Masu Karatu: Manjo Seth Anthony da Mazan Jiyan Yaƙin Bama

Kowace shekara a watan Janairu sojojin Ghana kan yi faretin tunawa da cin garin Myohaung na ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, kuma a irin wannan lokaci ne wasiƙun masu tambaya a kan Yaƙin Duniya na Biyu suke yawaita a wannan fili. Na zaɓo waɗanda suka haɗu a kan mutum ɗaya da rundunar da ya yi aiki a cikinta, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Kakana na wajen uwa ya yi yaƙin Bama, ya dawo da igiya uku a hannu, kuma har ya koma ga Allah yana cewa a zamaninsu baƙin mutum ba ya wuce samanja. Sai ga shi na ji wani tsohon soja a majalisarmu yana cewa akwai ɗan ƙasar nan da ya riƙe muƙamin manjo a wannan yaƙi, har Turawa suna sara masa. Wane ne mai gaskiya a cikinsu? Daga wani matashi tela, Nima, Accra.

AMSA: Wa alaikumus salamu, ɗana, Allah ya jiƙan kakanka. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abin da kakanka ya faɗa shi ne ƙa'idar da aka yi shekaru masu yawa ana bi a rundunar Gwalkwas, wato Ghana kafin 'yancin kai, wanda tsohon sojan ya ba ku labarinsa kuwa shi ne mutumin da aka fara karya ƙa'idar a kansa, wato Manjo Seth Kobla Anthony.

An haife shi ranar 15 ga Yuni, 1915, a Adafienu, wani ƙauyen bakin teku a ƙasar Ewe, can gabas kusa da iyakar Togo. Ya yi karatun farko a makarantar mishan ta Bremen da ke Keta, daga nan ya wuce Achimota, makarantar da aka buɗe a 1927 a zamanin Gwamna Guggisberg, wadda a lokacin ba ta da ta biyu a ilimin boko a ƙasar nan. Ya yi fice a can har aka riƙe shi malami, yana koyar da Latin da Turanci da lissafi. Ke nan ba a bariki ya tashi ba, daga aji ya fito da alli a hannu, kuma a 1939, shekarar da yaƙi ya ɓarke, ya sa kaki a matsayin ƙaramin soja wanda ba shi da igiya ko ɗaya.

Kafin wannan shekara, dokar sojan Birtaniya ta tanadi cewa ba a ba mutum takardar zama hafsa da sunan Sarkin Ingila sai ya kasance Bature tsantsa. A watan Oktoba na 1939 gwamnatin Landan ta sanar da jingine wannan sharaɗi har ƙarshen yaƙi, sai dai manyan sojan da ke Afirka ta Yamma ba su yi gaggawar aiki da sanarwar ba, kuma dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. A kowane kamfanin soja akwai Turawa masu muƙamin saje, to duk ranar da baƙin mutum ya ɗora tauraro a kafaɗa, ya zama tilas Baturen saje ya ƙame ya sara masa, ya karɓi umarninsa a gaban kurata, a kuma ajiye masa kujera a ɗakin cin abincin hafsoshi. Mulkin mallaka kuwa a kan kwarjinin farar fata ya dogara. Saboda haka da aka rasa isassun hafsoshin da za su ja sababbin bataliyoyi, sai aka gwammace a aro ɗaruruwan hafsoshi 'yan ƙasar Polan, waɗanda suka yi hijira zuwa Birtaniya bayan an cinye ƙasarsu, aka kawo su a 1941 suna ba da umarni ga mutanen da ba su san harshensu ba, alhali ga samanjoji nan da suka yi shekara ashirin suna horar da soja.

A cikin wannan hali aka tura Anthony Ingila a 1941, zuwa makarantar hafsoshi ta Sandhurst, wadda a lokacin yaƙi aka taƙaita horonta zuwa 'yan watanni, ya fito a 1942 da muƙamin ƙaramin laftanar. Ka lura da shekarar, domin a cikinta ne Gwamna Alan Burns ya naɗa K. A. Busia da A. L. Adu mataimakan Disi, wato jami'in mulkin gunduma, aikin da Turawa suka daɗe suna yi su kaɗai, ya kuma shigar da Nana Ofori Atta da lauya Arku Korsah majalisar zartarwa. A ganina ba tausayi ne ya zo wa Turawa a lokaci ɗaya ba. Singafo ta faɗa hannun Japan a watan Fabrairu na wannan shekara, ƙasashen Faransa da suka kewaye Gwalkwas suna hannun gwamnatin da ke ɗasawa da Jamus, ga kuma Takoradi ta zama tashar da ake haɗa jiragen yaƙi ana tashi da su ta Kano da Maiduguri da Khartum zuwa Masar. Ƙasar da ake buƙatarta haka dole a lallashi 'yan bokonta.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Mu a nan Kumasi mun tashi muna jin iyayenmu suna cewa Hausa ce harshen bariki, kuma 'yan zango da mutanen Arewa su suka cika soja tun zuwan Turawa. In haka ne, me ya hana hafsan farko ya fito daga cikinmu? Ko ƙiyayya ce? Daga wata Hajiya 'yar kasuwa, Aboabo, Kumasi.

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Iyayenmu ba su yi ƙari ba ko kaɗan. A 1863 wani hafsan jiragen ruwa mai suna John Glover, wanda ya riƙe mulkin Legas, ya tara wata 'yar runduna wadda akasarinta Hausawa ne da suka kuɓuce wa bauta a ƙasar Yarbawa. Da Turawa suka ɗaura yaƙi da Tonawa, wato Ashanti, a 1873 zuwa 1874, yaƙin da mutanen garinku suke kira Sagrenti, Glover ya zo da Hausawansa, ya ƙara ɗiban wasu a Accra, ya biyo ta wajen kogin Volta, ya isa Kumasi bayan Janar Wolseley ya riga ya ƙone ta ya juya. A kan wannan tushe aka kafa rundunar tsaro ta Gwalkwas a 1879, ta zama cikakkiyar rundunar soja a 1901, kuma ta daɗe da hedkwata a Kumasi. Takenta ma da Hausa yake, wato "Kullum Shiri", kuma hafsoshin Turawa sai sun zauna jarrabawar Hausa.

Amma da tafiya ta yi nisa, yawancin waɗanda ake kira sojan Hausa ba Hausawa ba ne a asali. Gurunsawa ne da Dagati da Farafara da Mosawa da Zabarmawa da sauran mutanen Arewa, wasu ma daga ƙasashen Faransa suka tsallako, suka koyi Hausa a bariki, da yawansu suka musulunta a can, bayan sallama kuma suka zauna a zango suka yi aure suka hayayyafa. Shi ya sa a yau za ki tarar da gida a Aboabo ko Asawase ko Nima wanda kowa a cikinsa Hausa yake yi, amma in an bi salsala kakan gidan daga wajen Navrongo ko Wagadugu ya fito. Sanannen misali shi ne Alhaji Grunshi, wanda tarihi ya rubuta cewa shi ne sojan Birtaniya na farko da ya harba bindiga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Togo, cikin watan Agusta na 1914. Ya yi yaƙi a Togo da Kamaru da Afirka ta Gabas, ya sami lambobin jarumta, kuma iyakar inda ya kai shi ne samanjan bataliya.

Game da ƙiyayya, ni na fi ganin lissafi a cikin lamarin. Turawa sun zaɓi ɗibar soja daga Arewa ne domin sun ɗauka wanda bai yi boko ba ya fi biyayya, kuma baƙo wanda ba shi da dangi a Kudu ba zai yi nauyin hannu ba in aka ce ya murƙushe tarzoma a can. Domin wannan rijiya ta ma'aikatan ma'adinai da gonakin koko da soja kada ta ƙafe, sai aka riƙa yi wa Arewa rowar makaranta. Ki duba tazarar da kanki: an buɗe Mfantsipim a Cape Coast a 1876, amma Arewa duka ba ta sami makarantar sakandare ta gwamnati ba sai a 1951, a Tamale, shekara 75 ke nan a tsakani. Ranar da aka buɗe ƙofar zama hafsa, abin da aka nema shi ne mai iya karanta taswira, ya rubuta rahoto da Turanci, ya ci jarrabawa a Ingila, kuma tun kafin a haifi masu neman an riga an san ɓangaren da zai iya kawo irin wannan mutum.

Akwai kuma namu kason, wanda bai kamata mu ɓoye ba. Zangon Kumasi da na Accra ba a Arewa suke ba, makarantu suna kusa da su, amma iyaye da yawa sun ƙi kai 'ya'yansu saboda yawancin makarantun na mishan ne, suna tsoron a raba yaro da addininsa. Tsoron yana da dalili a wancan zamani, kuma mutanen nan ba jahilai ba ne, domin a cikin sojan akwai masu karatun allo da suke rubuta wasiƙa da ajami. Illa dai hukumar soja ba ta ƙidaya wannan a matsayin ilimi ba. Sai bayan yaƙi ne 'yan Arewa suka fara samun tauraro, kuma wanda ya fi nisa a cikin na farkonsu shi ne Manjo Janar Charles Mohammed Barwah, wanda aka harbe ranar juyin mulkin 24 ga Fabrairu, 1966, saboda ya ƙi juya wa Nkrumah baya. Akwai bariki da sunansa a Tamale.

TAMBAYA: Malam, ina karatun tarihi a jami'ar Legon, amma abin da littattafanmu suka faɗa a kan Bama bai wuce layi uku ba. Me sojojinmu suka je yi a can takamaimai, kuma ta yaya malamin makaranta ya tashi daga ƙaramin laftanar zuwa manjo cikin shekara uku? Daga wata ɗaliba, Madina, Accra.

AMSA: 'Yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Japan ta kori Birtaniya daga Bama a farkon 1942, ta zo ta tsaya a ƙofar Indiya. Janar George Giffard, wanda ya daɗe yana aiki da sojojin Afirka, kuma shi ne babban kwamandan Afirka ta Yamma a lokacin, ya goyi bayan a kai su can, bisa zaton cewa baƙin mutum ɗan daji ne, kurmi ba zai ba shi wahala ba. Zaton kuskure ne, domin akasarin sojojin sun tashi ne a filin Arewa mai ciyawa da kuka da kaɗanya, kurmi baƙo ne a wurinsu kamar yadda yake ga Baturen da ke jagorantarsu, sai da aka horar da su duka.

An kafa Runduna ta 81 a watan Maris na 1943 a ƙarƙashin Manjo Janar Woolner, da birged uku. Ɗaya na Gwalkwas ne, ɗaya haɗin Gambiya da Saliyo da Nijeriya, na ukun kuma na Nijeriya zalla, wanda aka cire aka ba Janar Wingate domin yaƙin sunƙuru a bayan dagar Japan. Tambarin rundunar baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, wato Ananse na tatsuniyoyin Tonawa, takwaran Gizonmu mijin Ƙoƙi. A cikin wannan runduna Anthony ya yi yaƙinsa. Sun bi teku ta Afirka ta Kudu suka sauka Bombai, kuma kafin ƙarshen 1943 an tura su kwarin kogin Kaladan a lardin Arakan, wanda yanzu ake kira Rakhine. Aikinsu shi ne su tsare gefen hagu na babbar rundunar da ke gangarawa ta bakin teku, kada Japanawa su zagayo ta cikin duwatsu su datse ta.

Babu hanyar mota zuwa Kaladan, saboda haka da adda da diga da shebur suka sare hanyar ƙaramar mota mai tsawon kimanin mil 75 a cikin duwatsu da kurmi. Inda hanyar ta ƙare kuma, sai kai ya karɓi aiki. A nan ne sojojin Afirka ta Yamma suka bambanta da sauran, domin kowane birged yana da rukunin sojojin dako waɗanda suke ɗaukar harsashi da gurneti da na'urar waya da abinci, su hau tudun da alfadari ba ya iya hawa, su kuma sauko da masu rauni a kan makara. Muhimmancinsu ya kai har Runduna ta 82, wadda ta biyo baya, ta sa gammo a tambarinta, da mashi biyu a gicciye a kansa. Abinci da makamai kuwa daga sama suke zuwa, jiragen Dakota suna sako su da lema a filayen da sojoji suka share, kuma Runduna ta 81 ita ce babbar runduna ta farko da aka ciyar ta wannan hanya kaɗai na tsawon watanni. Idan hadari ya rufe ko jirgi ya kasa gane fili, ranar sai a ɗaure ciki. Ga zazzaɓin cizon sauro da atini da matsattsaku, waɗanda a fagen Bama suka kwantar da sojoji fiye da yadda harsashi ya kwantar.

Karon farko bai yi daɗi ba. Sun kai garin Kyauktaw a ƙarshen Fabrairu na 1944, sai Japanawa suka yi musu ba-zata a farkon Maris suka ƙwace wani tudu mai ɗakin ibadar Buda wanda ke kallon kogin, dole rundunar ta ja da baya. Wasu manyan hafsoshi sun yi saurin ɗora laifin a kan sojan Afirka, abin da nake ganin rashin adalci ne ga mutanen da aka tura nesa ba tankoki, ba manyan igwa, aka kuma rage musu birged guda tun kafin a fara. A watan Agusta aka sauya Woolner da Manjo Janar Loftus-Tottenham. Da damina ta ɗauke suka sake gangarawa Kaladan, a wannan karo suna bin kan duwatsu suna zagaye sansanonin abokan gaba maimakon su tunkare su gaba da gaba, har suka haɗu da Runduna ta 82 suka ci Myohaung a ƙarshen Janairu na 1945. Garin shi ne tsohuwar fadar sarakunan Arakan, wanda ake kira Mrauk-U a yau, kuma mahaɗar hanyoyin da Japanawa suke bi da kayan yaƙi ce.

Irin wannan yaƙi na ƙananan hafsoshi ne, domin a kurmi janar ba ya ganin dagarsa. Laftanar ne yake fita sintiri da mutum ashirin ko talatin, da taswira da kamfas, ya kwana biyu ko uku yana neman inda abokan gaba suka yi kwanton ɓauna, ya dawo da mutanensa da labarin da za a gina shiri a kansa. Gaskiya ne ƙarin girma yana sauri a lokacin yaƙi saboda mutuwa da ciwo suna buɗe gurabe, amma manjo a tsarin Birtaniya shi ne mai riƙe kamfani na soja fiye da ɗari, kuma mutumin da idon kowa yake kansa, wasu ma suna jiran ya yi tuntuɓe su ce dama mun faɗa, ba zai kai nan da alfarma ba. Anthony ya gama yaƙin yana manjo, aka kuma ba shi lambar yabo ta MBE.

In kina son ganin sawun wannan tarihi, sunayen barikokinmu sun ishe ki. Burma Camp da can sunan Giffard take ɗauke da shi, a cikinta akwai barikin Arakan, ga Myohaung a Takoradi, ga Kaladan a Tamale. El Wak ta Accra da Uaddara ta Kumasi kuwa daga yaƙin da aka yi da Italiya a gabashin Afirka a 1940 da 1941 suka samo suna. Kimanin mutum 65,000 ne daga Gwalkwas suka sa kaki a wannan yaƙi.

TAMBAYA: Malam, na karanta cewa akwai baƙin likita da ya zama hafsa a sojan Birtaniya tun kafin a haifi Anthony. Ashe ke nan ba shi ne na farko ba? Daga wani ma'aikacin jinya, Asawase, Kumasi.

AMSA: Malam, karatunka daidai ne. Mutumin shi ne James Africanus Horton, ɗan Saliyo, wanda ya gama karatun likita a Edinbara a 1859, ya shiga soja a matsayin likita, ya yi yawancin aikinsa a nan Gwalkwas, har da lokacin yaƙin Sagrenti, ya yi ritaya a 1880. Bambancin shi ne hafsan likita yana da muƙami da albashin hafsa, amma ba ya jan soja zuwa daga. Abin da ake nufi da cewa Anthony ne na farko shi ne baƙar fata haifaffen Afirka da aka ba cikakkiyar takardar hafsan yaƙi, mai ikon ba da umarni ga duk wanda ke ƙasa da shi, baƙi ne ko fari.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, mu tsofaffin Accra mun san abin da aka yi wa mazan jiya a 1948. Shi wannan manjo, haka aka watsar da shi bayan yaƙi? Daga wani dattijo tsohon direba, Sabon Zango, Accra.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ba a watsar da shi ba, hanyarsa da ta sauran ta rabu tun daga tashar jirgin ruwa. Yawancin sojojin sun dawo a 1946 suka tarar kuɗin sallama bai taka kara ya karya ba, aikin da aka yi musu alkawari babu shi, kaya kuma sun yi tsada har Nii Kwabena Bonne ya jagoranci ƙaurace wa kantunan Turawa a farkon 1948. Ranar 28 ga Fabrairu mazan jiya suka yi jerin gwano za su kai kuka ga Gwamna Gerald Creasy a fadarsa ta Osu, 'yan sanda suka tare su a mararraba, wani Baturen sufuritanda mai suna Imray ya buɗe wuta, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey suka faɗi. Tarzomar da ta biyo baya ta ci rai 29, aka kama shugabannin siyasa shida, cikinsu har da Nkrumah da Danquah, aka kafa kwamitin bincike na Watson, daga nan kuma aka kama hanyar zaɓen 1951 da 'yancin kai.

Shi kuwa Anthony, da ya tuɓe kaki sai ya shiga aikin mulki na gwamnati, da 'yanci ya ƙarato kuma aka zaɓe shi cikin rukunin farko da aka horar domin aikin jakadanci. Shi ya buɗe ofishin jakadancin Ghana a Washinton a 1957 a matsayin muƙaddashin jakada, kuma shi ne wakilinta a Majalisar Ɗinkin Duniya lokacin da aka karɓe ta ranar 8 ga Maris na wannan shekara, kwana biyu bayan 'yanci. Wani abin sha'awa shi ne Ghana ce ƙasa ta 81 da ta shiga majalisar, lambar rundunarsa ta Bama ke nan. Ya zama jakada a Indiya daga 1962 zuwa 1966, ƙasar da ya fara takawa da takalmin soja, sannan a Birtaniya daga 1966 zuwa 1970, sannan a Kanada har ya yi ritaya a 1973. Ya yi wa gwamnatin Nkrumah aiki, ya yi wa sojojin da suka kifar da ita, ya yi wa ta Busia, bai kuwa koma bariki neman mulki ba a zamanin da ƙananansa a soja suke karɓe-karɓen gwamnati, kuma ni a wurina wannan yana cikin abin da ya fi cancantar yabo a rayuwarsa.

Ƙofar da aka buɗe masa ba ta yi saurin faɗaɗa ba. J. A. Ankrah da J. E. Michel sai a 1947 suka sami tauraro, kuma Bature ne ya ci gaba da riƙe shugabancin sojan Ghana har 1961, lokacin da Nkrumah ya sallami Janar Alexander ya naɗa S. J. A. Otu. An sa wa barikin makarantar koyon yaƙin kurmi da ke Akim Achiase sunan Seth Anthony, Shugaba Kufuor ya ba shi lambar girma ta ƙasa a 2006, ya rasu a Accra ranar 20 ga Nuwamba, 2008, yana da shekara 93.

TAMBAYA: Malam, wan mahaifinmu ya tafi Bama bai dawo ba, kuma ba mu san inda aka binne shi ba. Akwai hanyar da za mu bi? Daga wata malamar Islamiyya, Tafo Zango, Kumasi.

AMSA: Malama, Allah ya gafarta masa. Ku fara da gida, ku bincika tsofaffin akwatuna da adakar iyaye ko za a sami wasiƙa ko lambar ƙirji ko takardar biyan kuɗi, domin abin da ya fi komai amfani shi ne lambarsa ta soja, wadda ga 'yan Gwalkwas take farawa da haruffan GC. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel tana da rajista a intanet wadda kowa zai iya dubawa kyauta. Waɗanda suka mutu a Arakan, in an san kabarinsu, akasari an tattara su a maƙabartar Taukkyan da ke arewa da Yangon, kuma a nan ne aka yi ginin tunawa mai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san inda suke kwance ba. A nan gida kuma akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Accra, mai rassa a Kumasi da Tamale, da hukumar kula da mazan jiya, da gidan tarihin soja da ke tsohuwar ganuwar Turawa a tsakiyar Kumasi, inda aka ajiye hotuna da tutoci da makaman da aka ƙwato daga Italiyawa da Japanawa.

Sai dai ku sani sunan da kuka san shi da shi a gida ba lalle ne shi ke cikin rajista ba. Akawun da ke ɗaukar kurata yakan rubuta sunan yanka ne kawai, yadda kunnensa ya ji shi, sa'an nan ya liƙa masa sunan ƙabila ko na gari, ya zama wane Moshi, wane Dagarti, wane Fulani, wane Kano. Ku gwada sunan yankansa da kowane irin rubutu da Bature zai iya yi masa, ku haɗa da ƙabilar kakanku da garin da ya fito, in kun sami fiye da mutum ɗaya kuma sai ku tace da lambar bataliya da shekarar da labarinsa ya yanke.